Littafin cefane: wata uku ina bin sawun kuɗin abincin gidana

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Yau na buɗe wannan littafi. Mu biyar ne a gida: ni, maigidana, da yara uku. Babbar tana da shekara goma sha huɗu, autan bai cika biyar ba. An daɗe kuɗin da muke warewa na cefane ba sa kai mu ƙarshen wata sai mun taɓa na wata buƙata, wani lokaci na makaranta, wani lokaci ɗan abin da muka ajiye saboda rashin lafiya. Duk wanda ya tambaye ni inda suka shiga, amsa ɗaya nake ba shi: kaya sun yi tsada. Gaskiya ne sun yi, amma ban taɓa zama na bincika ko tsadar ce kaɗai ke cinye mu ba.

Na gindaya wa kaina sharaɗi: mako biyun farko ba zan canja komai ba. Zan yi cefane yadda na saba, in rubuta kowane abu da ya shigo gidan nan da abin da aka biya. Ba zan sa adadin kuɗi a nan ba, tunda kowa da irin kuɗinsa, kuma farashin yau ba shi ne na gobe ba. Abin da muke kashewa a mako guda zan kira shi maki 100, in riƙa gwada sauran makonni da shi.

Asabar, 13 ga Satumba

Babban cefanen ƙarshen mako ba shi da wuyar rubutawa. Ƙananan ne ke zillewa: a aiki yaro ya sayo burodi, maigida ya biya ya riƙo wani abu a hanyarsa ta dawowa, ni ma in tuna gishiri ya ƙare bayan na ɗora tukunya. Na rataye takarda da biro a bayan ƙofar kicin. Duk wanda ya shigo da leda, sai ya rubuta kafin ya ajiye ta.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na haɗa lissafi bayan yara sun kwanta. A cikin kwana goma sha huɗu, sau goma sha tara aka fita sayen abinci daga gidan nan. Biyu kaɗai ne na shirya musu. Sauran goma sha bakwai ɗin, waɗanda ko ɗaya ban taɓa ɗaukarsu a matsayin cefane ba, sun ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin.

Dalilin a bayyane yake a takardar bayan ƙofa. Ba a taɓa fita sayen abu ɗaya an dawo da abu ɗaya ba. Wanda ya je sayen madara ya dawo da madara da biskit da lemo. Sannan abin da aka saya a gaggauce, ƙanƙani ake saye, ƙanƙanin kuma shi ya fi tsada idan aka auna. Na kuma tarar da abubuwa uku da muka saya alhali akwai su a gida, sun ɓuya a can ƙuryar kabad.

Da na fara wannan aiki, zatona matsalar tana wurin mai sayarwa, wato ina bukatar in ƙara iya ciniki ko in nemo inda ya fi araha. Yanzu na fara shakka.

Litinin, 29 ga Satumba

Yau ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don faɗakarwa kan asarar abinci da ɓarnatar da shi, wadda aka fara yi a 2020. Ta zo daidai da ƙarshen wani gwaji da na yi makon nan, wanda ya fi komai taɓa ni tun da na fara.

Na ajiye bokiti dabam, na ce duk abincin da za a zubar a zuba a ciki, ban da ɓawo da ƙashi. Kowane dare ina ɗora shi a sikeli kafin a fitar. Jimillar mako: kilo huɗu da rabi. Akwai ganyen da ya yi yaushi a firji ba a ko kwance shi ba, da burodin da ya yi fumfuna, da shinkafar da ta kwana biyu ba wanda ya waiwaye ta, da abin da autan ya bari a faranti domin na zuba masa kamar na yayarsa. Duk waɗannan na biya kuɗinsu, na ɗauko su da hannuna, wasu ma na ƙona musu gas.

Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kusan kashi 19 cikin 100 na abin da ya kai ga masu saye. Kashi 60 cikin 100 na wannan ɓarna daga gidaje ne, ba daga otal-otal ko kantuna ba. Idan aka raba, kowane mutum yana zubar da kilo 79 a shekara a gidansa, har da ɓawo da ƙashi. Gida mai mutum biyar kamar nawa, kilo 395 kenan. Abin da ya fi ba ni mamaki a rahoton shi ne, bambancin da ke tsakanin gidajen ƙasashe masu arziki da na masu matsakaicin ƙarfi bai taka kara ya karya ba, bai wuce kilo bakwai ga mutum ɗaya a shekara ba. Da na ɗauka zubar da abinci halin waɗanda suka ƙoshi ne. Ashe inda ake zafi kuma babu wurin adana mai sanyi, abinci ba ya jiran mai shi.

Na daɗe ina kallon bokitin nan. An raine ni a kan cewa ba a wulaƙanta abinci, kuma ban taɓa ɗaukar kaina mai almubazzaranci ba. Ba wai na ɗauki tukunya guda na kifar ba, cokali-cokali yake tafiya, shi ya sa ido bai kama shi ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Makon farko na gyara. Da dare jiya na fito da komai na kabad da firji, na ga abin da ke akwai, sannan na tsara girkin kwana bakwai a kansa. Bayan haka ne na rubuta abin da za a sayo. A da, a kan hanya nake tsara jerin a kaina, daga abin da nake sha'awa. Wannan karon abin da ya rage a gida ne ya faɗa mini abin da zan saya.

Na ci abinci kafin in fita, kuma ban tafi da yara ba. Na ɗauki kwando maimakon kurar da ake turawa. Wannan na ƙarshe yana da tarihi. Kafin 1916, a yawancin kantuna mai saye yana tsayawa ne a gaban kanta ya faɗi abin da yake so, yaron kanti ya ɗauko masa. A shekarar ne wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis na Amurka, inda kowa zai shiga ya ɗauka da kansa, aka kuma tsara hanyar ciki yadda sai mutum ya wuce ta gaban dukkan kaya kafin ya kai wurin biya. A 1937 kuma Sylvan Goldman, a Oklahoma, ya lura mutane suna daina ɗauka da zarar kwando ya yi musu nauyi, sai ya ƙera kurar sayayya. Da farko jama'a sun ƙi ta, har sai da ya ɗauki mutane haya suna zagayawa da ita a cikin kanti don a gani a saba.

Ban ga laifinsu ba, sana'arsu suke yi. Amma sanin haka ya sa na duba kanta da wani ido. Abin da ke daidai fuskata galibi shi ne wanda ake so in ɗauka, mai rangwamen yana ƙasa, sai na durƙusa. Alewa da cakulan kuma suna bakin wurin biya, daidai tsayin yaro.

Makon nan maki 88. Fitar gaggawa sau biyu kacal.

Asabar, 11 ga Oktoba

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A gaban kayan da aka naɗe a kwali da leda, nawa idon bai sani ba. Na tafi da kalkuletar waya, na riƙa raba farashi da nauyin da aka rubuta a jiki, in fitar da kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya. Yawanci babban ya fi sauƙi, amma ba kullum ba: sau biyu na samu ƙanana biyu sun fi babba ɗaya araha. Na kuma gwada wani sabon kwalin madara da tsohon da nake ajiye allura a ciki. Tsayinsu ɗaya, zanensu ɗaya, amma giram ɗin da ke rubuce a sabon ya ragu. Ba a ƙara kuɗi ba, an rage kayan ne. Duk wanda ke kallon farashi kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ƙarin ba.

Na buɗe shafi a bayan littafin nan na rubuta kuɗin kilo na abubuwa goma sha biyu da muka fi ci. Yanzu idan aka ce mini an yi garaɓasa, ina da abin gwadawa. Maki 84.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Makon nan bai yi kyau ba, kuma dole in rubuta shi yadda yake.

Da na ga babban awo ya fi sauƙi, sai na yi sari. Na sayo tumatir kwando guda, da dankali da albasa masu yawa, da wake na wata biyu. Kuɗin makon ya haura zuwa maki 112, ban damu ba, na ce makonni masu zuwa za su biya. Ranar Laraba na taɓa tumatir na ji na ƙasa sun yi ruwa. Nauyin na sama ya danne su, ɗaya da ya fashe kuma ya shafa wa na kusa da shi. Na ceci abin da zan iya, na markaɗa na tafasa har ya yi kauri, na raba a ƙananan robobi na sa a firiza. Amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, ragin da na samu ya bi shi. Garin neman ƙiba na samo rama. Da a ranar da na kawo shi na yi wannan aikin, da ko ɗaya bai lalace ba. Na saya ne ba tare da na tanadi lokacin sarrafa shi ba.

Sauran kurakuran na ajiya ne. Na zuba dankali da albasa wuri ɗaya, kusa da taga, dankalin ya fara tsiro, wasu sun yi kore. Hasken rana ne ke sa koren, kuma ɓangaren da ya yi kore yana ɗauke da guba mai ɗaci, ba a ci. Yanzu kowanne yana wurinsa, a duhu, inda iska ke shiga. Na kuma gano dalilin da ganye ke saurin yin ɗorawa a wurina: ina ajiye shi tare da ayaba da tumatir, su kuwa suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke gaggauta nunar duk abin da ke kusa da su.

Waken na duba, na ga ƙwari biyu-uku suna yawo. Ƙwayayensu tun daga rumbu suke zuwa a jikinsa, zafi ne ke ƙyanƙyashe su. Na sa shi a firiza zai yi mako guda, sannan in juye a mazubi mai murfin da iska ba ta shiga.

Na kira Yaya na faɗa mata. Ta ce, "To me ya hana ki neme ni mu raba? Gidanki ba zai cinye kwando ba, nawa ma haka." Mun yanke shawara: abin da ba ya lalacewa da wuri, kamar hatsi da man girki, mu saya da yawa mu raba biyu. Abin da ke ruɓa, kowa ya sayi na kwana uku zuwa huɗu.

Asabar, 25 ga Oktoba

Maki 74, mafi ƙanƙanta tun da na fara, kuma ban ji daɗinsa ba.

Saboda haushin asarar makon jiya, na matse hannu fiye da ƙima. Na cire 'ya'yan itace, na rage ƙwai, nama sau ɗaya. Ba wanda ya yi magana sai daren Alhamis, muna wanke-wanke, babbar 'yata ta ce a hankali, "Umma, wani abu ya faru da aikin Abba ne?" Na ce a'a, me ta gani? Ta ce ta ga an daina sayen wasu abubuwa, har ta fara rage abin da take zubawa don ƙannenta su samu.

Na ajiye soson na zaunar da ita. Na nuna mata littafin nan shafi-shafi, da lissafin bokiti, na ce mata ba rashi ba ne, ɓarna nake yaƙa, kuma makon nan na kuskure hanya. Yarinyar da ke girma ba ta da dalilin tashi daga faranti da sauran yunwa don maki ya sauka a littafina.

Tun 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya yi nazarin yadda iyalan ma'aikata a Beljiyam ke kashe kuɗinsu, ya gano cewa iya ƙarancin abin da gida ke samu, iya girman kason da abinci ke cinyewa a ciki. Har yau abin yana nan. A Amurka abinci bai wuce kusan kashi 11 cikin 100 na abin da ke shiga hannun mutane ba, a wasu ƙasashe kuwa ya haura rabi. Shi ya sa nake taka-tsantsan da shawarar da ake yawan ba mutane cewa su rage kashe kuɗi a kan abinci. Wanda ke da rara zai iya yanke kayan kwaɗayi. Wanda ba shi da ita, abin da zai yanke jikin 'ya'yansa ne. Ni ina tsakiya, kuma makon nan na leƙa wancan ɓangaren da ƙafata. Na ja layi: ƙwai, madara, wake, ganye da 'ya'yan itace ba sa cikin abin da za a taɓa. Idan ana neman sauƙi a cikinsu, a sayi wanda ake kakarsa.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Mako biyu ban rubuta ba, autan ya yi zazzaɓi, ya warware. Makonnin sun tsaya a 85 da 83.

Abin da na gyara a wannan tsakani shi ne ragowar girki. Na ware shiryayye ɗaya a firji, na daidai ido, na abin da ya kamata a ci da wuri. Kowace roba ina manna mata takarda da ranar da aka dafa. Daren Alhamis ba na ɗora sabuwar tukunya sai an ga bayan abin da ke wannan shiryayye. Yara kuma yanzu su ke zuba wa kansu, kaɗan da farko, mai so ya ƙara.

Tattali bai kai a sayi ciwo ba, don haka na kiyaye wasu ƙa'idoji. Firji kada ya wuce digiri 5, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifiri. Dafaffiyar shinkafa ta fi komai son kulawa: akwai ƙwayar cutar da tafasa ba ta kashe ƙwanta, idan shinkafar ta daɗe a waje tana hucewa sai ta farfaɗo ta saki guba, wadda ɗumame ba ya kawar da ita. Shi ya sa nake baza ta a faranti mai faɗi ta huce da sauri, cikin awa guda ta shiga firji, washegari a ɗumama ta sau ɗaya har ta yi tururi.

Na kuma daina zubar da abu don kawai kwanan watan da ke jikinsa ya wuce. Kwanan watan iri biyu ne. Akwai mai nuna lokacin da abu ya fi daɗi da inganci, irin na taliya da biskit da kayan gwangwani. Idan ya wuce kaɗan, mazubin bai kumbura ko ya huje ba, kuma an adana shi da kyau, ana iya ci. Akwai kuma mai nuna iyakar lokacin da za a ci lafiya, irin na ɗanyen nama da kifi da madarar ruwa. Wannan ba na wasa da shi ko da kwana ɗaya.

Bokitin makon nan: kilo ɗaya da ɗan ɗoriya.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Man girki da ƙwai sun tashi. Ban canja komai a jerin ba, amma maki ya koma 87. Shafin bayan littafi ne ya nuna mini ba daga gida ba ne wannan karon.

Akwai abin da ya fi ƙarfin mai cefane. A Maris 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ma'aunin farashin abinci na hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai kusan maki 160, wanda bai taɓa kaiwa ba, domin ƙasashen biyu suna cikin manyan masu fitar da alkama da man girki. Wanda bai taɓa jin sunan tashoshin jiragen ruwansu ba ma sai da ya ji a kuɗin burodi. Fari, tsadar man fetur da faɗuwar darajar kuɗi duk haka suke shigowa kicin ba sallama. Amsar da nake bayarwa a Satumba, cewa kaya sun yi tsada, tana nan daram. Bambancin kawai yanzu ina iya rarrabe kason kasuwa da kason da ke hannuna.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Matsakaicin Nuwamba ya tsaya a maki 85. Wannan ne wata na farko cikin dogon lokaci da ba mu taɓa kuɗin makaranta ba. Abin da ya ragu na sa a ambulan, zai zama jarin sarin hatsi da mai da za mu yi da Yaya mako mai zuwa.

Akwai abubuwa biyu da ban shawo kansu ba. Burodi har yanzu yana saura, za a fara yanka shi a sa rabi a firiza tun ranar da aka sayo. Maigida kuma bai daina riƙo abu a hanya ba. Na yi niyyar yi masa magana, sai na ga yadda autan ke rugawa ya karɓi ledar a bakin ƙofa, na fasa. Na ware masa layinsa a lissafi, maki biyar a mako.

Daga Disamba babbar 'yata ce za ta riƙa auna bokiti tana rubutawa, ita ta nema. Ni kuma zan fara lissafin gas, don ina zargin jiƙa wake tun dare da rufe tukunya za su rage shi, kuma ina so in gani a rubuce.